Nazarin Lamari: Daidaita Kalorin Abinci Lokacin da Mai Rage Ƙiba Ya Fara Motsa Jiki

Matar da wannan nazari ya ɗauka a matsayin misali tana da shekara 38, tsawonta santimita 165, kuma aikinta na zama ne a gaban kwamfuta tun daga safe har yamma. A lokacin da ta yanke shawarar rage ƙiba, nauyinta kilo 88 ne. Ba ta da ciwon suga ko hawan jini, ba ta da juna biyu kuma ba ta shayarwa, waɗanda da akwai ɗaya daga cikinsu da lissafin ya sauya tun daga tushe. Ta shafe mako goma tana rage abinci kawai, nauyinta yana sauka sannu a hankali yadda ake so, kuma matsala ba ta kunno kai ba sai da ta ƙara abin da kowa ya yarda cewa alheri ne, wato motsa jiki. Daga nan sikeli ya tsaya cik, har ma ya ɗan hau. Tambayar da ta tsaya mata a rai ita ce tambayar da yawancin masu rage ƙiba suke yi a wannan gaɓa: shin kalorin (wato ma'aunin kuzarin da jiki yake samu daga abinci) da aka ƙona wajen motsa jiki ana mayar da shi ta hanyar ƙarin abinci, ko kuwa a bar shi ya ƙara girman giɓin da ake nema tsakanin abin da ake ci da abin da jiki yake ƙonawa?

Lissafin da ta fara da shi

Kafin a fahimci inda abin ya karkace, wajibi ne a ga yadda aka samo adadin da take ci tun farko. Manhajar da take amfani da ita a waya ta ɗora lissafinta a kan ƙa'idar Mifflin da St Jeor, wadda aka wallafa a 1990 kuma har yau tana cikin waɗanda masana abinci suka fi dogara da su wajen ƙiyasta kuzarin da jiki yake ƙonawa yana hutawa. Ga mace, ana ninka nauyi da 10, a ninka tsawo da 6.25, a haɗa su, sannan a cire shekaru da aka ninka da 5, a kuma cire 161. Ga wannan mata sakamakon ya kama kalori 1,560 a rana, wanda shi ne abin da zuciya da ƙwaƙwalwa da hanta da ƙoda da sauran gaɓoɓi suke cinyewa ko da mutum ya wuni a kwance. Wannan kaso shi ne mafi girma a cikin abin da jiki yake ƙonawa, domin ga mai yawan zama yakan kai kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari, narkar da abinci ya ɗauki kimanin kashi 10, ragowar kuma na motsi ne.

Manhajar ta ninka 1,560 da 1.375, adadin da aka saba bai wa mai ɗan motsi, ta fitar da kusan 2,150 a matsayin abin da zai riƙe nauyinta inda yake. Aka cire 500, ya rage 1,650, kuma a kan wannan ta tsaya. A mako goma ta sauke kilo 4. Idan aka bi tsohon ƙiyasin nan na cewa kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori kusan 7,700, wanda ya samo asali daga lissafin Max Wishnofsky na 1958, za a ga giɓin da ta samu a zahiri ya kai 440 a rana. Wannan adadi ya fi duk abin da manhajar ta faɗa daraja, saboda jikinta ne ya bayar da shi, ba ƙa'idar da aka gina a kan matsakaicin mutane ba. A kilo 84 buƙatarta ta sauko zuwa kusan 2,090, tun da ƙaramin jiki ba ya cin kuzari kamar babba.

Mako uku na farko

Tsarin motsa jikin da ta ɗauka mai ma'ana ne ƙwarai: tafiya da sauri na minti 45 sau huɗu a mako, da ɗaga ƙarfe na rabin awa sau biyu. Wannan ya shiga cikin shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020, wadda ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, tare da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Babu abin zargi a nan.

Abin da ya kawo cikas shi ne agogon hannu da ta saya ta haɗa da manhajar. Duk lokacin da ta gama tafiya, agogon yakan nuna mata kalori wajen 450, ranar ɗaga ƙarfe kuma wajen 300, manhajar kuwa tana ɗaukar adadin nan ta ɗora shi kai tsaye a kan kason abincin ranar. Sai ta buɗe waya da yamma ta ga an rubuta mata cewa saura 450 ba ta ci ba, alhali ta riga ta cinye 1,650 ɗinta. Ga yunwar da ta biyo bayan zufa, ga kuma izini a rubuce, sai ta ƙara kofin lemo mai zaƙi da yankan burodi biyu da man gyaɗa, tana ganin ba ta saɓa ƙa'ida ba. Gaskiya ne ba ta saɓa ba; ƙa'idar ce aka ciyar da lambar da ba daidai ba. A mako guda ƙarin abincin ya kai kalori 2,400.

To, nawa ta ƙona a zahiri? Masana motsa jiki suna da ma'auni da suke kira MET, wanda ɗaya daga cikinsa yake daidai da kuzarin da mutum yake ƙonawa a zaune, wato kusan kalori ɗaya ga kowane kilo na nauyinsa a awa guda. Tafiya da sauri a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa tana kusan MET 4.3. Ga mai kilo 84 da ta yi minti 45, wannan ya ba da kalori kusan 270. Amma a cikin 270 ɗin akwai wajen 60 da jikinta zai ƙona ko da a kujera ta zauna, kuma an riga an ƙirga su a cikin 2,090, don haka ƙarin da tafiyar ta kawo bai wuce 210 ba. Rabin awa na matsakaicin ɗaga ƙarfe, bisa wannan hanya, ƙarinsa kusan 105 ne. Jimillar mako ta kama 1,050, ƙasa da rabin abin da agogon ya nuna.

Wannan ba aibin agogonta kaɗai ba ne. A 2017 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun gwada na'urori bakwai na ɗaurawa a hannu, suka tarar yawancinsu suna auna bugun zuciya da kuskuren da bai kai kashi 5 cikin ɗari ba, amma wajen ƙiyasta kalori wadda ta fi kowace daidai ta kauce da kashi 27 cikin ɗari, mafi muni kuwa da kashi 93. Dalilin a bayyane yake: agogo bugun zuciya da motsin hannu yake gani, sauran kuma hasashe ne. Bugun zuciyar wanda bai saba motsa jiki ba yana hawa da wuri, zafi da ƙishirwa ma suna ɗaga shi, saboda haka sabon shiga shi ne ya fi fuskantar ƙiyasin da ya wuce kima, a daidai lokacin da ya fi yarda da na'urar.

Ko 1,050 ɗin ma ba duka ne yake zama riba ba, kuma wannan shi ne ɓangaren da mutane suka fi jahilta. Jiki yana rama wani kaso na kuzarin da aka kashe. Wani ɓangare na ramuwar a halayya yake: matar nan da ta saba tashi ta zagaya a wurin aiki, ta hau bene da ƙafa, ta tsaya tana gyare-gyare da dare, sai ga shi ranar da ta yi tafiya tana komawa gida ta miƙe a kujera har lokacin barci, ba tare da ta lura cewa ta rage komai ba. Wani ɓangaren kuma a cikin jiki yake faruwa, inda ake rage abin da ake kashewa a wasu ayyuka. Herman Pontzer da abokan aikinsa sun ja hankalin duniya ga wannan a 2012, lokacin da suka auna mafarautan Hadza na Tanzaniya, masu doguwar tafiya kullum, suka ga kuzarin da suke ƙonawa a rana bai bambanta sosai da na mazauna biranen Amurka da Turai ba idan aka yi la'akari da girman jiki. Wani bincike da Vincent Careau ya jagoranta, wanda ya fito a 2021 a kan manya 1,754, ya ƙiyasta matsakaiciyar ramuwar a kashi 28 cikin ɗari, kuma ta kusa kai rabi ga masu yawan kitse. Idan aka ɗauki kashi 28 ɗin a matsayin jagora kawai, ribar da matar ta samu daga motsa jiki ta sauko zuwa kusan 750 a mako, wato ɗan sama da 100 a rana.

Yanzu lissafin ya fito fili. Giɓin abinci na 440 a rana ya ba da 3,080 a mako, motsa jiki ya ƙara 750, sannan ƙarin abinci ya cinye 2,400. Abin da ya rage bai kai 1,500 ba, wanda bai cika gram 200 na kitse a mako ba. Ta koma tana wahala fiye da da, tana samun ƙasa da rabin sakamakon da.

Saura batun hawan sikeli, domin a ƙarshen mako na uku ya nuna kilo 84.6, kuma lissafin da ke sama bai ce ta ƙara kitse ba. Amsar ruwa ce. Tsokar da aka fara sa wa aiki tana ƙara ajiyar sukarin da ake kira gilaikojin, kuma kowane gram nasa yana riƙe da kimanin gram uku na ruwa. Ɗaga ƙarfe yana haddasa ƙananan raunuka a zaren tsoka, waɗanda suke jawo ruwa wurin yayin da suke warkewa, shi ne tsamin jikin da ake ji bayan kwana ɗaya ko biyu. Yawan ruwan jini ma yana ƙaruwa a makonnin farko na atisaye. Ga mace kuma akwai ruwan da jiki yake riƙewa gab da jinin al'ada. Waɗannan a haɗe suna iya ɓoye asarar kitse ta makonni da dama, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da yake buƙatar gyara.

Martanin da ya wuce gona da iri

Ganin 84.6 ya sa ta yi abin da mutane da yawa suke yi: ta cire agogon daga manhajar, ta sauke abinci zuwa 1,200, ta kuma mayar da tafiyar sau biyu a rana. Sikeli ya sauka da sauri a kwanakin farko, galibi saboda ruwan da ya bi gilaikojin ya fita, amma kafin mako biyu ya cika sai jiri ya fara ɗibarta idan ta miƙe tsaye, barcinta ya riƙa yankewa da tsakar dare, ƙarfen da take ɗagawa sau goma ya gagare ta a na shida, kuma sau biyu ta tsinci kanta a gaban firiji da dare tana cin abin da ya fi ƙarfin giɓin kwana biyu. Masu nazarin lafiyar 'yan wasa suna duba abin da ya rage wa jiki bayan an cire kuzarin motsa jiki daga na abinci, kuma binciken Anne Loucks a kan mata ya nuna cewa idan ragowar ta yi ƙasa da kusan kalori 30 ga kowane kilo na jikin da ba kitse ba, sinadaran da ke tafiyar da haila sukan fara rikicewa. An samo wannan iyaka ne daga mata matasa marasa ƙiba, don haka ba a ɗora ta a kan kowa kai tsaye, amma tana nuna alƙiblar haɗarin: matar da sashen jikinta mara kitse ya kai wajen kilo 50, tana cin 1,200 tana kuma ƙona wasu ɗaruruwa a tafiya, ta faɗo ƙasa da iyakar da tazara mai yawa. A irin wannan yanayi ba kitse kaɗai yake tafiya ba, har da tsoka, wadda ita ce abin da ɗaga ƙarfen ya zo ya kare.

A ganina wannan mataki na biyu ya fi na farko illa. Na farko jinkiri kawai ya jawo, na biyu kuwa shi ne irin wanda yake sa mutum ya watsar da tsarin gaba ɗaya, ya tafi da tunanin cewa jikinsa ne ba ya jin magani.

Gyaran da aka yi

A wannan gaɓa ta je wurin wata ƙwararriya a fannin abinci, wadda ta fara da tambayarta abin da ya faru a mako goma na farko maimakon ta sake buga mata ƙa'ida. Tun da an san cewa 1,650 ya ba da saukar kusan gram 400 a mako, kuma matar ta jure shi ba tare da wahala ba, abin da ake nema shi ne a riƙe wannan giɓin, ba a faɗaɗa shi ba, ba a kuma cike shi ba. Motsa jiki yana ƙara kusan 100 a rana, saboda haka aka ɗaga abincin zuwa 1,750 kullum. Akwai masu fifita a ƙara 150 ko 200 a ranakun atisaye kaɗai a bar ranar hutu yadda take, kuma a lissafin mako duk abu ɗaya ne. An zaɓi adadi guda ne saboda ita ta riga ta saba ɗaukar abinci a matsayin ladan zufa, kuma ana son a raba ta da wannan tunani. An bar mata agogon don ƙirga taku da bugun zuciya, aka kashe sashen da yake ƙara kalori a kason abinci. An kuma gargaɗe ta kada ta sauya matsayinta a manhajar zuwa na mai yawan motsi sannan ta ci gaba da shigar da kowane atisaye daban, domin yin hakan ƙirga abu ɗaya ne sau biyu.

Ƙarin 100 ɗin ba a bar shi ya tafi ga abin sha mai zaƙi ba. An karkata shi ga furotin, aka sa mata burin kusan gram 100 a rana, wato gram 1.2 ga kowane kilo na nauyinta, wanda yake farkon zangon 1.2 zuwa 1.6 da ake yawan ba masu rage ƙiba shawara a kai. Furotin ya fi sitaci da mai riƙe ciki, jiki yana kashe kuzari mai yawa wajen narkar da shi, kuma tare da ɗaga ƙarfe shi ne yake sa abin da ake saukewa ya zama kitse ne galibi. A aikace wannan ya zama ƙwai biyu da safe, kifi ko kaza ko wake a manyan abinci biyu, da madara mara suga bayan atisaye. An kuma matso da wani kaso na sitacin ranar kusa da lokacin motsa jiki, ayaba ɗaya awa guda kafin ta fita, abin da ya kawar da jirin. Tafiya ta koma sau huɗu a mako.

An nemi ta auna abincinta da ƙaramin sikelin kicin na mako biyu, musamman man girki, domin cokali ɗaya babba yana ɗauke da kalori kusan 120 kuma hannu ba ya jin bambancin cokali ɗaya da biyu. Wannan ba don ana zarginta ba ne. Wani sanannen bincike da aka wallafa a 1992 a Amurka, a kan ƙaramin rukuni na mutanen da suka ce suna cin kaɗan amma nauyinsu ya ƙi sauka, ya gano cewa sun rage ƙiyasin abin da suke ci da kashi 47 cikin ɗari, sun kuma ƙara na motsinsu da kashi 51, ba tare da niyyar yaudara ba.

Mafi muhimmanci shi ne yadda aka sauya hanyar yanke hukunci. Za ta hau sikeli da safe bayan ta zaga bayi kafin ta ci komai, ta rubuta adadin, amma ba za ta yi aiki da na rana ɗaya ba, sai matsakaicin mako. Za ta auna ƙugunta da tef sau ɗaya a mako a daidai cibiya. Ba za a taɓa adadin kalori ba sai an cika mako huɗu, domin a zagaye al'ada guda a kwatanta mako da takwaransa. Idan matsakaicin saukar ya tsaya tsakanin gram 300 da 700 a mako, a bar komai yadda yake. Idan ya wuce kilo ɗaya a kai a kai, ko ƙarfi yana raguwa, ko barci ya lalace, ko haila ta sauya, a ƙara 100 zuwa 150. Idan kuma sikeli da ƙugu duka sun tsaya, a fara duba daidaiton rubutun abinci da yawan takun yini kafin a rage komai, sannan in an rage kada ya wuce 100.

Abin da ya biyo baya

Makon farko na sabon tsarin sikeli ya hau da kusan rabin kilo, kamar yadda aka faɗa mata tun kafin ya faru, saboda gilaikojin da ruwansa sun dawo. Daga mako na biyu ya fara sauka, kuma a mako takwas matsakaicin ya tsaya a kusan gram 400 a mako, ƙugu ya ragu a fili, nauyin ƙarfen da take ɗagawa ya ƙaru. Saurin saukar bai fi na lokacin da ba ta motsa jiki ba, kuma wannan daidai ne da abin da aka tsara: tana cin abinci fiye da da, tana sauke nauyi kamar da, kuma kaso mafi yawa na abin da yake tafiya kitse ne.

Adadin 100 na wannan mata ne, ba na kowa ba. Namiji mai kilo 100 da yake gudun awa guda sau biyar a mako yana iya ƙona ƙarin da ya haura 3,000 a mako, kuma shi ƙin ƙara abinci zai jefa shi cikin halin da ta shiga a mataki na biyu. Ga irinsa mayar da kusan rabin abin da na'ura ta nuna mafari ne mai hankali, sannan sikeli ya gyara sauran. Wanda kuma motsa jikinsa bai wuce tattakin minti 20 sau uku a mako ba, babu abin da zai ƙara. Mai ciwon suga da yake amfani da insulin ko magungunan da ke sa jiki ya samar da shi, haɗa rage abinci da sabon atisaye yana iya faɗar masa da sukarin jini, don haka likitansa ne zai daidaita magani kafin a taɓa abinci. Haka ma mai juna biyu, da mai shayarwa, da mai ciwon ƙoda wanda yawan furotin bai dace da shi ba, da wanda ya taɓa fama da larurar cin abinci, wanda ƙirga kalori kansa yake iya tayar masa da ita.

Ita ma matar 1,750 ba zai dawwama ba. Aikin Kevin Hall da abokansa, wanda mujallar The Lancet ta wallafa a 2011, ya nuna dalilin da ya sa ƙa'idar 7,700 take ƙara kaucewa idan lokaci ya yi tsawo: buƙatar jiki tana sauka tare da nauyi, don haka giɓi yana tsukewa ko da abinci bai sauya ba. A kilo 78 ƙa'idar Mifflin da St Jeor za ta ba ta kusan kalori 80 ƙasa da na kilo 84 a buƙatar yini, tafiyar minti 45 ma za ta ƙona ƙasa da yadda take ƙonawa yanzu saboda nauyin da ake ɗauka ya ragu. An shirya a sake duba lissafin duk bayan saukar kilo 4 ko 5, kuma zaɓin farko a lokacin shi ne a ƙara tsawon tafiya ko a sa mata hawa, a bar rage abinci ya zama na biyu.